Tauraron Makka a Tukunyar Bauri

Bazara ce, irin wadda ko kurciya ba ta tashi tsakanin azahar da la'asar. A shekarar nan soja suka sake karɓar mulki. Rediyon maigida ba ya faɗin komai sai sanarwa da kiɗan bariki, maza kuma sun rage hira a bakin kasuwar Filinge. Mu mata abin da ke hana mu sukuni daban ne. Sanƙarau ya shiga ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai tun ƙarshen sanyi, yau a ce ya ɗauki yaro can wajen Tondikandiya, gobe a ce ya iso unguwar bayan kasuwa. Duk uwar da ɗanta ya ce kansa na ciwo, sai ka ga ta kama wuyansa tana lanƙwasawa ta gani. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu, layin ɗiban ruwa a pompo ya yi tsawo, hadari kuwa ko alamarsa babu. Na tuna shekarar kamar mutum ya riƙe numfashi ya manta bai saki ba.

A cikin wannan zafi ɗiyata ta uku ta dawo gida goyon ciki. Haihuwar fari ce, ta fari kuma a ɗakin uwa ake yin ta. Mijinta yana Kwatano wajen cin rani, uwarsa kuma ta tafi aikin hajji. Allah ya sauke ta lafiya wata Laraba da hantsi, namiji, ɗan ƙarami amma da murya. Aka yi suna babu uba, babu kaka ta wajen uba. Hidimar jego duk ta dawo kaina: in dafa ruwan wanka safe da yamma, in dama kunun kanwa, in gasa wa jariri cibiya, in ba shi bauri.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai an gaya masa abu biyu. Na farko kunyar ɗan fari. Mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban manya, ba ta cewa ga abin da ke damunsa. In zai sha nono sai an miƙa mata shi, ta juya wa mutane baya. Haka aka yi mini, haka na yi, har yau ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Ɗiyata kuwa ta fi ni. Mata masu zuwa barka har yaba ta suke yi, su ce wannan an ba ta tarbiyya, ko kallon inda yake kwance ba ta yi.

Na biyu bauri, wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke ce wa jitti. Ruwan saiwoyi ne da ɓawon itace da ake ba jariri kaɗan kaɗan don cikinsa ya kwanta. Kowane gida da irin nasa. Namu na gada wurin mahaifiyata tare da ƴar tukunyar ƙasar da ake dafa shi, da kuma ƙa'idarta: tukunyar bauri ba a zubar da ita sai an yi arba'in. Kullum da safe a ƙara ruwa, a mayar kan wuta, ta tafasa, a sauke. Abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan. Ƴaƴana duka da ita na yi renonsu, ban taɓa ganin aibinta ba.

Yaron yana da kukan yamma. Da rana ta sunkuya sai ya fara murɗe-murɗe, ya haɗe ƙafafu da ciki, ya yi ta tsala kuka har magariba ta wuce. Na san irin wannan, ciki ne, yakan wuce da kansa. Amma yana gajiyar da gida.

Yana da kamar mako biyu alhazai suka fara dawowa. Surukata, uwar mijin ɗiyata, ta sauka, ta huta kwana ɗaya, washegari sai ga ta da yamma, cikin kaya farare fat har mayafi, sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Hajiya mace ce mai faɗi, jiki da murya da hannu. Ba ta iya ba ka abu kaɗan. Tun daga zaure take kira.

"Ina angon nawa? Wanga marar kunya, na ba da baya ya shigo gari ba sallama."

Na miƙa mata shi. Ta juya shi, ta duba kunnuwa, ta ce na gidansu ne, hancin ne dai aka cuce su. Ɗiyata ta durƙusa can nesa ta gaishe ta, ta ja lulluɓi ta koma ƙuryar ɗaki.

Sai aka buɗe tsaraba. Dabino, zamzam a ƴar jarka, tasbaha ta maigida, kwalli, ɗan zobe. Daga ƙarshe ta zaro wata leda ta kwance bakinta, ƙamshi ya cika rumfar, wani iri mai zaƙi, ba na kanumfari ba, ba na girfa ba. Ta zuba mini a tafin hannu. Ban taɓa ganin abu haka ba. Busasshen ɗan itace ne ja-ja, mai tsinaye a kewaye kamar tauraron da yara ke zanawa a ƙasa, kowane tsini da ƙwaya mai sheƙi a cikinsa. Na juya ledar ina neman rubutu, don tun da na shiga yaƙi da jahilci ba na barin rubutu ya wuce ni. Babu ko harafi.

"Mi sunanshi, Hajiya?"

"Wa ya sani? Balaraben ya hwaɗi, ban riƙe ba. Kusa da masaukinmu shagon nashi yake. Ya nuna min shi, ya shahwa cikinshi, ya shahwa ƙirjinshi, ya ɗaga hannu sama. Wata ƴar Agadas mai jin Larabci ta ce min maganin ciki ne da tari, mai jego ma in ta sha nono na kawowa. Na ce a auna min da yawa."

Kafin mako ya zagayo unguwa ta raɗa masa suna, tauraron Makka.

Zan faɗi alherinsa yadda na gani, don ba zan yi masa ƙarya ba. Maigida yana da kumburin ciki, in ya ci wake da dare sai ya kwana yana juyi. Na jefa tauraro ɗaya a shayinsa, ya sha, ya yi gyatsa, ya ce rabonsa da jin cikinsa sakayau haka tun kaka. Ni ma ina da wani tari na hayaƙin murhu, na dafa shi da citta na sha, maƙogwarona ya yi sanyi. Ko ba komai ƙamshinsa yana gyara baki. Maigida ya riƙa tsokanata, wai in ɓoye ledar kada abokan hirarsa su ji labari su mayar da zaurenmu gidan likita.

Zuwan Hajiya na biyu ta tarar da yaron cikin kukan yamma. Ta tsaya tana kallonsa, ta dube ni.

"Uwar mai jego, kuna da magani cikin gida kuna barin ango shina wahala? Ina tukunyar?"

Na nuna mata. Ta ɗebi taurari da hannunta, ta yi bisimilla, ta zuba a ciki, ta ce in mayar kan wuta. Na mayar. Ban ga abin musu ba. Abu ya fito daga ƙasa mai tsarki, na ga amfaninsa a jikin mijina da nawa, ga shi kakar yaro ce ta wajen uba ta sa da hannunta, su ne masu ɗa. Da ya huce ta ba shi a ɗan cokali. Ranar ya yi shiru da wuri, ya yi barci. Hajiya ta tafi gida tana cewa ai ta gaya mana.

Daga nan kusan kullum sai ta zo, gidanta ba nisa. Duk zuwa kuma da ƴan taurari a ƙulle a bakin mayafi, ta jefa a tukunya kamar mai ba da sadaka. Na jiya suna ciki, na shekaranjiya suna ciki. Ga zafin bazara yana shanye ruwan, kullum da safe in tarar ya ja baya, in ƙara kaɗan in tafasa. Ruwan baurin da na sani ja-ja ne garai-garai. Wannan ya koma kamar shayin Buzaye na farko, ƙamshinsa har zaure.

A kwanakin nan ɗiyata ta canza. Kunun da take shanye kwano guda sai ta kurɓa ta ajiye. Na ɗauka zafi ne da ruwan wanka. Wata safiya na nemi cokalin bauri sama da ƙasa ban gani ba, sai can na tsince shi a cikin buhun gawayi. Wata rana na zuba baurin a ƙoƙo na ajiye ya huce, ta zo wucewa ta yi tuntuɓe da shi, duk faɗin tsakar gidan nan. Na ce mata ta riƙa duba gabanta. Ta ce to. Sau ɗaya, ina tsefe mata kai, ta ce a hankali, "Inna, abin nan naku ya yi ƙarhi." Na ce ai ƙarfin shi ne maganin. Ba ta ƙara ba. Na ci gaba da tsifa.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, ranar kasuwa, maigida yana can. Bayan azahar Hajiya ta biyo daga cefane, ta zauna a rumfa tana fifita da bakin mayafi. Yaron ya fara ƴan ƙananan koke-koke. Ta ce a kawo bauri, ta ba shi cokali, ta ƙara, ta ce yau kasuwa ce, ango ma ya sha ya ƙoshi. Muka ci gaba da hira a kan tsadar hatsi, yana kwance a cinyarta.

Ba a jima ba ya yi amai, ya ɓata mata zane. Ta yi dariya ta ce ya biya sadaki. Ina miƙa mata tsumma sai na ga idanunsa. Ƙwayar tana rawa, tana gudu gefe tana dawowa, sannan ta tafi sama, fari kawai ya rage. Hannuwansa suka dunƙule. Jikin nan da bai fi damtsena ba ya sandare, ya fara fizga, ƙafa da hannu tare, kamar ana jan sa da zare. Ba kuka. Rashin kukan nan ya fi komai tsorata ni.

Na kasa motsi. Tsumman yana hannuna. Abin da ke cikin kaina kalma ɗaya ce, sanƙarau, ya tsallake duk gidajen unguwa ya shigo nawa.

Hajiya tana salati. Ta ce iska ce, ta ce a'a, ciwon nan ne na gari. Ta ce in kawo zamzam. Na kawo. Ta zuba a ƙoƙon baurin, ta gauraya, ta cika cokali, ta matse masa kumatu don bakin ya buɗe.

Ban ga fitowar ɗiyata ba. Na dai ga hannu ya kama wuyan hannun Hajiya, cokalin ya zube a ƙasa. Tana tsaye a kanmu, ba lulluɓi, kai a buɗe, zane iya ƙirji.

"Hajiya, kada ki ba shi."

Tun da aka kai ta gidansu ba ta taɓa haɗa ido da matar nan ba. Yau ga ta riƙe da hannunta, a kan ɗan fari, a gabana. Hajiya ta dubi hannun, ta dubi fuskarta, ta juyo gare ni.

"Uwar mai jego, mi nike gani haka?"

Ni kaina ji na yi kamar an kwaɗa mini mari. Ɗiyata ba ta saki ba. Ta sa ɗaya hannun ta ɗauke yaron daga cinyar surukarta, ta rungume shi, ta ce, "Inna, mu tahi likita." Muryarta ba ta rawa.

Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Na san haka, ita ma ta sani. Na ciro mayafina na yafa mata, na karɓi yaron na rufe shi da zane, muka fita. Rairayin hanya yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Mutane suna dawowa daga kasuwa da jakuna, suna tsayawa suna kallonmu. A hanya fizgar ta tsaya, ya yi laƙwas, na sa kunnena a ƙirjinsa ina tafiya. Kafin mu kai ta sake dawowa. Da na waiga na hango Hajiya can baya tana biye da mu, ba ta kiran kowa.

Gidan likita cike yake a shekarar nan, har ƙarƙashin itatuwa an shimfiɗa tabarmi. Majo, wato babban mai jinya na wurin, wani mutumin gabas ne mai furfura a gemu. Da ya ga yadda yaron ke yi bai bar mu a layi ba. Ya kwantar da shi a tebur, ya yi masa allura, muka tsaya muna kallo har jikin ya saki. Ya auna zafinsa. Ya shafa maɗigarsa da yatsa, ya ɗaga kansa ya lanƙwasa wuyan a hankali, ya sake.

"Ba zazzaɓi," in ji shi. "Wuya ba tauri, maɗiga ba ta kumbura ba. Ba zan rantse ba tukuna, jariri yakan ɓoye ciwo, amma wannan bai yi mini kama da sanƙarau ba. Yaushe ya fara?"

Na ce yau, yanzun nan.

Hajiya ta iso tana haki, ta ce yau ne, a cinyarta ma.

Majo bai dube mu ba. Ɗiyata yake kallo, ta koma jikin bango ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ke ce uwar? Ke nake tambaya. Yaushe ya fara?"

Shiru. Ya sake tambaya, shiru. Ya ajiye abin awon zafin ya ce, "Kullum haka nake fama da ku. Mai kwana da yaro ba ta magana, masu magana ba su kwana da shi."

Na matsa kusa da ita. Ban saba ɗaga murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Ɗiyata, hwaɗi. Ni na haihe ki, na ɗauke miki kunyar. In akwai laihi a kaina yake."

Ta yi magana tana kallon bango, ba ta ce ɗana ba, ba ta ce shi ba, sai dai "wancan". Ta ce tun kwana na uku da aka fara sa tauraro, duk lokacin da aka ba wancan bauri, in an jima sai ya riƙa zabura kamar an tsorata shi, idonsa ya yi rawa, wani lokaci ya yi amai. In ya daɗe bai sha ba sai ya koma lafiya lau. Ta ce ranar da ƙoƙon ya zube bai zabura ba ko sau ɗaya. Ta ce tun ana yi kaɗan har ya zama kullum ƙaruwa yake.

Na tsaya ina jin ta kamar daga cikin rijiya. Fiye da mako guda yarinyar nan tana ganin wannan ita kaɗai a ƙuryar ɗaki, tana goge aman da bakin zanenta kada a gani. Ta ɓoye cokali, ta zubar da ƙoƙo, ta gaya mini abin ya yi ƙarfi, iyakar abin da kunya ta bar mata ke nan. Ni kuma ina tsakar gida ina hura wuta a ƙarƙashin tukunyar, mata suna shigowa suna yaba tarbiyyarta.

"Wane tauraro?" in ji majo.

Aka aika gida. Maigida ya dawo daga kasuwa ya tarar da gida a buɗe, maƙwabta suka gaya masa, shi ya ɗauko tukunyar da kansa, a hannu, ya ratsa gari da ita. Majo ya buɗe, ya kawar da kai saboda ƙarfin ƙamshin. Ya sa ludayi ya kwaso daga ƙasa. Taurari ne cike da ludayin, sun yi baƙi, sun jiƙu sun kumbura. Ya sake kwasowa, haka. Ni da ke ƙara ruwa kullum ban taɓa tona ƙasanta ba.

"Na san shi," in ji majo. "Badiyan ake ce masa da Faransanci. Manya suna shan sa don kumburin ciki, guda ɗaya a kofi, ba laifi. Wannan tukunyar kuwa ko ni aka ba ba zan sha ba, balle mutumin da bai yi wata ɗaya a duniya ba."

Hajiya ta gyara tsayuwa. "Majo, daga Makka hwa ya hito. Da hannuna na ɗauko shi."

"Na yarda, Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Amma ba a Makka yake tsirowa ba. Daga can ƙasashen gabas mai nisa ƴan kasuwa ke kai shi, kamar yadda ake kawo goro Filinge. Kin taɓa ganin itacen goro a Kurfai?"

Maigida ya yi gyaran murya ya dubi ƙasa. Hajiya ta zauna a kan benci, mace mai cika rumfa da murya, ta zama ƴar kaɗan. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙa murza bakin mayafinta inda take ƙulle taurarin, har ƙullin ya kwance suka zubo a siminti. Ba wanda ya tsince su.

Majo ya ce yaron zai kwana a wurinsu su ga yadda zai yi, in fizgar ta dawo ko zazzaɓi ya taso to akwai wata magana. Ya ce daga yau ba bauri, ba ruwa, ba zamzam, ba komai sai nonon uwarsa. Ya dube ni da ya faɗi haka, na ce na ji.

Shekaru bayan haka, mulki ya koma hannun farar hula har ya sake juyawa, na je Yamai ganin likitan ido, na ga tauraron nan a kwalba a wani kantin magani. Na tambayi mai kantin. Ya ce mini iri biyu ne, akwai na ci, akwai wani mai dafi, kuma in sun bushe ko shi ba zai iya rabe su da ido ba, wani lokaci a buhu ɗaya ake haɗa su. Ya ce ko na cin ma ba a ba jarirai. Har yau ban san wanne ne ya shiga tukunyata ba, ko mai dafin ne ya ɓuya a cikin ledar, ko na kirkin ne muka dafa har ya fi ƙarfin yaro. Maigida bai daina shan nasa a shayi ba sai da ledar ta ƙare, bai kuma taɓa ganin komai ba sai alheri.

A ranar dai, kafin magariba, Hajiya ta tashi za ta tafi gida. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dubi ɗiyata ba, ni ta kira gefe. Muryarta ta dushe.

"Uwar mai jego, ba ku kaɗai na ba ba."

Na ce na sani, ai duk unguwa an sha shayinsa.

"Ba shayi ba. Duk gidan da anka haihu tun dawowata na kai musu. Na ce su sa a bauri. Na ce ga jikana nan ya bar kuka. Har Baleyara na aika ma ɗiyar ƙanwata, tagwaye gare ta."

Ta juya ta tafi. Na bi bayanta da kallo har ta fita ƙofar likita, tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu.

Muka kwana a wurin, ni a tabarma, ɗiyata a bakin gado. Fizgar ba ta dawo ba, zazzaɓi bai zo ba. Da aka kira asuba ya motsa, ya buɗe ido, idon yana tsaye wuri ɗaya, ya yi kukansa na yunwa. Na yunƙura in ɗauke shi in miƙa mata kamar kullum, sai na ga ta riga ni. Ta ɗauke shi da kanta, ta sa shi a nono a gabana, ba ta juya baya ba. Ya kama da ƙarfi har ana jin haɗiyarsa. Majo ya leƙo ya gani, ya ce a bar shi ya sha iyakar cikinsa, zuwa yamma in ba wani abu a sallame mu.

Da gari ya waye na bar su na koma gida. Na dama kunu na ba maigida ya kai mata, na ce daga can ya wuce tasha ya nemi direban da zai bi ta Baleyara, ya ba shi saƙon baki zuwa gidan masu tagwaye. Na juye tukunyar a bayan gida, na tona rami na rufe taurarin kada awaki su ci. Sannan na ɗauki mayafi na nufi gidan Hajiya, gidan da ban taɓa shiga ba sai da dalilin biki ko gaisuwar mutuwa. Na tarar da ita zaune a bakin ɗaki, ta riga ta yi lulluɓi, takalmi a ƙafa, furar da aka kawo mata tana gefe ba ta taɓa ba.

Na ce, "Ya sha nono."

Ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe haka. Da ta sauke ta ce, "Ban san yadda zan shiga in ce musu ba."

Na ce ni zan yi sallama, ni zan fara magana, ita dai ta nuna mini gidajen. Kuma in mun shiga, kakanni su ba mu wuri, uwar yaron za mu tambaya.

Ta tashi. Muka fara da gidan mahauta, don jaririnsu ne mafi ƙanƙanta.